Kawu da Baƙin Jirgin Bakin Kogi

Ko addu'ar bayan sallar asuba Kawu bai bari na ƙarasa ba, ya ce mu kama hanya. Na ce gidan tarihin sai hantsi ake buɗewa, ya ce mai hoto ba ya wasa da hasken safe. To, me zan ce? Ƙanin mahaifiyata ne, daga Kaduna ya zo ganin likita, an kuma faɗa mana gaskiya: ganinsa ya kusa tafiya. Burinsa ɗaya, ya ɗauki hoton jirgin yaƙi da hannunsa kafin idon ya rufe.

Muka gangaro matattakalar unguwarmu ta Highbridge a hankali, yana mitar cewa Amurkawa sun gina unguwa a kan dutse kamar awaki. Wata Hajiya 'yar Kumasi ta sayar mana da koko da ƙosai. Da Kawu ya ji kuɗin sai ya yi salati, ya ce a gida ai kuɗin buhun wake ne.

A jirgin ƙasa ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana saurayi, shagon hotonsa na kusa da barikin sojan sama. Ranar da ya ɗaga kyamara ta saman wayar shingen barikin don ya ɗauki jirgi, aka cafke shi, aka sa ya zare fim ɗinsa da kansa a rana, ya kwana biyu a tsare. Tun daga nan sai dai ya ga jirage a mujalla.

Gidan tarihin tsohon jirgin ruwan yaƙi ne a bakin kogin Hudson, an jera jiragen sama a bisansa. Iska kamar ta ɗauke mana huluna. Can gefe ga baƙin jirgin leƙen asirin da muka zo dominsa, dogo, siriri kamar tarwaɗa. Kawu ya ce sirri ne a zamaninsu, ya fi sauti gudu, kuma in yana ƙasa mai yake yoyo, sai ya yi zafi a sama jikinsa ke haɗewa. Wallahi ni ma ya burge ni. Tsoho ya fito da tsohuwar kyamararsa mai fim, yana durƙusawa yana miƙewa, ya manta da ciwon gwiwa.

Sai ga wani ma'aikaci cikin kaki ya nufo mu. Kafin in buɗe baki, Kawu ya buɗe bayan kyamara, ya zaro fim ɗin gaba ɗaya, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Innalillahi! Kawu, me ka yi?"

"Yi shiru, ɗan nan, kai ba ka san su ba."

Ashe bawan Allah so yake ya ɗauke mu hoto tare. Da na yi masa bayani, ya tsaya riƙe da fim ɗin yana ba Kawu haƙuri. Ni kuwa tausayi ya kama ni har na kau da kai. Sai Kawu ya cire hularsa ya zaro wani fim daga naɗinta. Haka masu hoton da suke yi, in ji shi, saboda irin wannan rana. Ma'aikacin ya riƙe masa sandarsa, Kawu ya sake fara ɗaukar hoto.

La'asar muka iso gida a gajiye. Na koyi cewa tsoro ba ya neman biza, tare da mutum yake ƙetare teku. Bayan kwana uku na karɓo hotunan. Duk sun yi dishi-dishi, sai guda ɗaya da ya fito tas, daga hanci har wutsiya. Kawu ya kai shi dab da fuskarsa, ya juya shi, ya matsa bakin taga.

"Ba na gani," ya ce. "Faɗa mini, ya fita?"

Na zauna kusa da shi na fara kwatanta masa.