Layin da Simeon Ya Kasa Canka

Zacchaeus mai gidan kallo a Mayo Gwoi ne ya fara gaya mini wasan da yake yi da 'yan kallonsa. Ba ya rubuta sunan fim a allo, sai layin talla guda ɗaya. Wanda ya canki fim ɗin ya shiga kyauta.

Simeon manomin doya bai taɓa faɗuwa ba. Bai iya karatu ba, sai a karanta masa, ya lumshe ido ya faɗi fim ɗin.

Wata Asabar aka karanta masa: "Ya binne gaskiya a gona, damina zai tono."

Simeon ya lumshe ido, amma ya kasa canka.

"Baba, yau kan ya ƙi ne?" in ji Zacchaeus yana dariya.

"Babu wannan fim," in ji Simeon. "Wa ya ba ka layin nan?"

Ashe fim ɗin na mace ne, Simeon ma ya san shi. "Ta binne" ne, amma Hausar Zacchaeus irin tamu ce, mace da namiji duk "ya". Shi kuwa Simeon ya taɓa matsar da dutsen iyakar gonar marigayi ƙanensa, ya cinye wa Murna, matar marigayin, rabin gonar. Sai ya ɗauka an gano shi.

Daga ranar abinci ya ƙi shiga. Da hadari ya haɗo sai ya ɗauka damina ta zo tono asirinsa, ciwo ya kwantar da shi. Kafin ya cika ya kira Zacchaeus: "Je ka Nukkai, ka ce wa Murna iyakarta gindin ɗorawa ce."

Har yau Zacchaeus bai je ba. 'Ya'yan Simeon sun ce duk wanda ya ɗaga maganar gonar nan, shi ya sani.