Gurbin da Yaya Bai Je Ba

Yayanmu ne ya fara zama injiniya a zuriyarmu. Lantarki ya karanta, yana gamawa jami'a ta riƙe shi yana koyarwa a Zariya. A shekarun da aka yi canjin kuɗi zuwa naira, wata babbar jami'a a Ingila ta ba shi gurbin bincike, irin wanda ake ware wa matasan malamai da suka yi fice. Ranar da ya zo gidanmu na Mando a Kaduna da labarin, Baba ya zagaya maƙwabta yana faɗa musu da bakinsa. Maƙwabciyarmu, malamar asibiti 'yar Kagoro, ta raka Inna Babbar Kasuwa suka zaɓo wa Yaya rigar sanyi mai kauri.

Ana saura kaɗan ya tashi, Baba ya faɗi a ofis. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye. Mu duka mata ne a bayan Yaya, kuma Baba mutum ne mai kunya, ba ya yarda ko Inna ta ɗaga shi zuwa bayi. Yaya kaɗai yake bari.

Ina tsaye da kwanon kunu ranar da Baba ya tattaro ƙarfinsa ya ce masa, "Tafi."

Yaya ya ce, "Baba, sun ce za su jira ni."

Sun jira shekara guda, daga nan suka ba wani. Yaya ya bar koyarwa, ya kama aiki a Kaduna yana kula da injinan ruwa. Kullum kafin ya fita sai ya yi wa Baba wanka, ya aske shi, ya zaunar da shi a zaure. Idan jirgin sojan sama ya wuce ta saman gidanmu, Baba yakan kawar da kai daga kallon jirgin.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta matsa wa Yaya ya sake neman gurbin. Ya nema. Suka amsa cikin ladabi cewa gurbin na masu farowa ne, shi kuwa ya wuce shekarun.

Na same shi a tsakar gida yana ɗaure takalmi.

"Wai na tsufa," ya ce, yana murmushi.

Ko furfura ɗaya babu a kansa. Na ce ko zai ci abinci. Ya ce a ajiye masa, ya tura kekensa ya fita.