Moton Abba da Kallabina

Ranar sunan Falmata, 'yar Baffa Mamman, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, muka bar Gure bayan sallar asuba mu uku a kan moto, wato babur: Abba, ni, da rago. Dabbobin Baffa sun yi nisa wajen kiwo, shi ya sa Abba ya ɗau alkawarin ragon suna, kuma dole mu isa Kelle kafin a watse daga raɗin. Ragon yana ɗaure a kan cinyata yana huci, ni kuwa ina ta gyara sabon kallabina mai ruwan goro, wanda na yi wata guda ina damun Inna a kansa.

Moton nan, in faɗi gaskiya, da ciwonsa ya fito daga kamfani. Sun sa masa mashaƙar iska can ƙasa kusa da tayar baya, da ɗan soso siriri kamar fatar albasa. Wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin rairayi ba. Duk mai irinsa a unguwarmu ya san tarinsa, har mu yara mun mai da turi wasa, muna tsere mu ga wa zai fara dafa shi. Inna takan ce, "Wannan ba moto ba ne, jariri ne mai mura."

Muna hawa wani tudun rairayi ya yi tari, ya yi shiru. Abba ya kwance karburata ya hure, muka ɗan taɓa gaba, ya sake mutuwa. Rana tana ta ɗagawa. Sai na ga Abba ya ƙura wa kaina ido.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ara wa ɗanki kallabi."

"Abba, ga rawaninka!"

"Ya yi kauri, sai ya shaƙe. Ko mu je mu ce wa liman rago yana hanya?"

Na kwance ina gunaguni. Ya ninka shi, ya ɗaure a bakin mashaƙar da igiyar roba. Moto ya tashi garau! In ya fara nishi sai in dira, in kakkaɓe kallabin, in maida. Muka shiga Kelle liman yana gyara zama, ni kai ba ɗankwali, kitso duk ƙasa, mata suna ta guɗa. Goggo Hajara ta tsaga gefen zanenta ta rufe mini kai tana dariya har da hawaye, aka ba ni hanta mafi girma.

Yau da motona nake zuwa aiki, ba tari, ba turi, ina isa Kelle ban yi wa kowa magana a hanya ba. Falmata ta zama budurwa, kuma har gobe ina bin ta kallabi, tunda a sunanta na rasa nawa. Kallabin nan ya mutu da baƙin mai, amma ban taɓa ɗaura wanda ya kai shi ba.