Tanti Ortansa da Bakwai Maras Ɗamara

Ƙarfe bakwai saura kwata Tanti Ortansa ke sauka daga mota a Bukares, ta gangara ɗakinta da ke ƙarƙashin makarantar fim. Sai ta goge tebur sau biyu, ta sa farar safar hannu, sannan ta buɗe gwangwanin fim. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba a shigar mata da kofi, ba a shiga da rigar ulu, kai ko atishawa ce ta zo maka sai ka kai ta waje.

Aikinta yankan uwar fim ne, wato ainihin zaren da ya fito daga cikin kyamara, wanda ba shi da na biyu. Mu ɗalibai a kan kwafi muke ɓarnarmu, mu yanka mu liƙa har mu gamsu, sannan mu rubuta mata lambobin wuraren yanka. Ita kam in almakashinta ya rufe, magana ta ƙare.

Ni Horia, da idona na ga abin da zan faɗa, don ni na jawo shi.

A shekararmu ta ƙarshe, abokiyar karatuna Ilinka ta yi ɗan fim na minti goma sha ɗaya a kan kakanta. Babu magana a ciki. Tsoho ne zaune yana ɓare tuffa kusan minti uku, can a ƙarshe ya ɗago kai ya dubi jikarsa. Malaminmu ya sha ce mata, "Rage wannan wurin, kina kashe mutane da hamma." Tana cikin tunanin ragewa tsohon ya rasu. Ta karanto mini lambobi a tsaye, na rubuta, ta kulle kwafinta, ta kama jirgin ƙasa zuwa ƙauyen da ko waya babu.

Ranar Laraba ƙarfe goma sha biyu motar ɗakin wankin fim za ta kwashi finafinan jarrabawa. Wanda bai shiga ba, sai baɗi.

Sha ɗaya da kwata aka ce Tanti na kirana. Na same ta almakashi buɗe a hannu, zaren na tsakanin bakinsa.

"Wane mai hannun kaza ne ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Tanti."

"Karanta."

Na duba. Kowa a ƙasar nan tun yana aji ɗaya ya san ana ja wa bakwai ɗamara a tsakiya, don kada ta yi kama da ɗaya. Tawa ba ɗamara. Ko 4112 ce, ko 4712. In ɗaya ce, za a yanke kafin tsohon ya ɗago kai. In bakwai ce, kallon yana ciki.

"Ɗaya ce mana," na ce, "ai malam ya ce ta rage."

"Malam na tambaya? Me yarinyar ta faɗa maka?"

Wallahi na manta. Na tsaya ina zufa a ɗakin da ke da sanyi kamar randa.

Sai ga Nea Fane direban motar ya leƙo. "Ortansa, injina na kunne fa!"

"Kashe shi. Kuma ja kanka baya, gashinka na zuba."

"To ki yanka a mai tsawon mana, kowa ya huta."

"In yi kuskure sauti ya goce, tsoho ya ajiye wuƙa a ji ƙararta bayan rabin minti? Tuƙi ka iya, tsaya a nan."

Ta ajiye almakashin. Ta aike ni na ɗauko zaren sautin da Ilinka ta riga ta haɗa, tunda tsawonsa dole ya zo daidai da na hoto. Ta ɗora shi a ma'auni tana juyawa da hannu, leɓenta na motsi. Saura minti ashirin. Saura goma. Nea Fane ya hau sama ya danna ham har sau uku, ita ko gezau. Na ce, "Tanti, don Allah…" Ta ce, "Kai, in ka sake magana na koma farko."

Sha biyu da minti shida ta ɗago.

"Bakwai ce."

Ƙyas! Ta yanka, ta liƙe, ta rufe gwangwani. Na ɗauka na haura da gudu na tarar motar ta fara tafiya, na buga mata baya har ta tsaya.

Ke ce, Tanti, mai yanka sau ɗaya. Finafinan ɗalibai fiye da dubu sun bi ta hannunki, masu kyau da na shirme, ba wanda kika raina. Waɗansunmu sun je sun karɓo kyaututtuka sun gode wa kowa har da karen gidansu, ke ba su ambace ki ba. Ni ma ina cikinsu, kuma ina jin kunya.

Ran da aka haska fim ɗin, mahaifiyar Ilinka ta zo da baƙaƙen kayan makoki, kwana tara da binne ubanta. Ta zauna minti uku tana kallon tuffa. Da tsohon ya ɗago kai ya dubo mu, sai muka ji ta ce a hankali, "Na'am, Baba."

Mun gode, Tanti Ortansa. Ku kuma masu tasowa, da kuke yanka a kwamfuta ku maido yadda kuka ga dama, ku je ku gaishe ta kafin ƙarshen wata, ku koyi tsayawa in ba ku tabbata ba. Mahaifiyar Ilinka ba ta san akwai ɗaki a ƙarƙashin makarantar ba, har yau ba ta san wadda ta bar mata wannan kallon ba.