Kaciyarmu a Ɗakin Kaka

Kakana wanzami ne, kuma a unguwarmu ta New Bell a Douala shi ke yi wa yaran Hausawa kaciya. Sai babban hutun makaranta yake tara mu, lokacin da ruwan Douala ke zuba kamar da gayya. Kullum yana mita wai a Arewa da sanyi ake yi, a nan kuwa ciwo sai ya ga dama yake bushewa.

Kafin shekarar da aka zo kanmu, maƙwabtan da ba Musulmi ba sun fara kawo masa 'ya'yansu. Wasu al'adarsu ce dama, hannunsa kawai suka yaba. Wasu kuma gani suka yi kowa na yi, ga yara da bakin tsiya wajen wanka a famfo.

Abokina na kurkusa ɗan wani ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, Kirista. Ya ƙwallafa rai a yi mana tare, ni ma tsoron shiga ni kaɗai nake. Babansa ya ce atafau. An gaya masa duk yaron da ya kwana ɗakin 'yan kaciya na Hausawa, Musulmi yake fitowa.

Kaka ya sami uban a ƙofar gida.

"Papa, pardon, ka yi haƙuri, ba na so a canza mini yaro," in ji mutumin.

"Ni fata nake yankewa," Kaka ya ce. "Addininsa yana nan inda ka ajiye shi."

Ranar kaciyar, sai ga uban riƙe da hannun ɗansa, da zakara a hammata. Shi ya riƙe yaron da kansa. Ihun da muka yi kam, ba zan faɗi wanda ya fi wani ba.

Muka yi zaman ɗaki, kowa da guntun gora tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goga. Ga kunu, ga naman kaza, ba mai aikenka. Gaskiya na ji daɗin kwanakin nan.

Ran Lahadi uban ya zo da kayan cocinsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana jan ƙafa. Yaro ba ya iya tafiya, balle zuwa coci. Kaka ya matsa masa a tabarma, ya ce ya shigo ya yi abin da ya kawo shi. Ya durƙusa ya yi wa ɗansa addu'a da Faransanci, ya ɗago ya dube mu, sai ya haɗa da mu duka. Kaka ne ya fara cewa amin.