Malama Nafisatu, wadda ta ƙi yarda olsa ce

Kafin rana ta ɗaga, Malama Nafisatu Labbo ta riga ta share ƙofar ɗan asibitin ƙauyenmu da ke yankin Faru. Ba ta taɓa majinyaci sai ta tambaye shi gida, iyali, shanu da gajiya. Shekara talatin da ɗaya tana haka, ga shi watan nan za ta ajiye aiki.

Mu a nan, duk ciwon da ya kama tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Da ƙanena Tukur ya fara dafe ƙirji a gonar rani, olsa muka ce, muka yi ta ɗirka masa farin maganin nan na kemis. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi da fartanya a hannu, muka ɗauko shi a babur zuwa wurin Malama Nafisatu don ta ba mu wanda ya fi ƙarfi.

Ta dube shi ta ce, "Tukur, da yunwa shika tasowa, ko in kana aiki?"

"In ina aiki, Inna."

"Babanku fa, mi yak kashe shi?"

Na ce, "Olsa. A gona ya faɗi."

Sai ta ajiye biro. "Wanga ciwo ba olsa ba na. Ku tai Sakkwato, yau ba gobe ba."

Wallahi na ji haushi, har na ce shinkafa na jiran ruwa. Ta ce shinkafa ta jira.

A can aka yi hoton zuciya. Likita ya ce naman zuciyar ya yi kauri, kuma wata jijiyar da ke kai mata jini ta ratsa ta cikin naman maimakon ta bi samansa, duk bugu sai ya matse ta. Aka ɗora shi kan magani, aka hana shi aikin ƙarfi. Yau Tukur na sayar da iri a Talatar Mafara, har da ɗan tumbinsa. Alhamdulillahi!

Ke ce, Inna, mai tambaya kafin ƙwaya. Ke ce kika biyo ni har zaure kika ce ana gadon ciwon nan, kika tsare ni sai na je an duba ni, ina tafe ina mita. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Masu tasowa a aikin lafiya, ku je ku zauna gabanta tun tana nan.

Tawa zuciyar ma an same ta da kauri. Da safen nan na sha maganina, na raka 'yata Salma makaranta.