Tarar da Ta Cinye Mini Ido Ɗaya

Ni dai ko allura ban taɓa sata ba. Amma a zamanin soja an ci ni tara, wai don na ajiye kuɗin magani da yawa.

Lokacin ina sayar da gyaɗa da dakuwa a kasuwar birninmu da ake kira Kasuwar Libiya, sai yanar ido ta fara rufe mini idanu duka biyu. Likita ya ce sai an yi aiki. Mu matan kasuwa kuwa muna da sanduƙin lafiya. Kowace ta zuba nata duk wata, a rubuta mata, ranar ciwo ta ɗauka, masu haraji kuma ba sa taɓa abin da ke ciki. Ashe zubin yana da iyaka. Ba wanda ya gaya mini.

Ni a Jazira na tashi, cikin gonakin auduga. Can ba a ajiya wata-wata. Ranar da aka biya ki kuɗin tsinka, ranar za ki ƙulle na shekara gaba ɗaya. Haka uwata ta yi, haka na gani. To, azumin shekarar nan ya yi mini albarka. Bayan salla na tattara ribata, na sayar da awarwarona biyu, na kai sanduƙi duka. Kuɗin ido biyu cif.

Ba a yi wata ba sai ga wani ma'aikacin haraji, yaro sa'an autana, ya zo duba littafinmu. Ya sa aka kira ni.

"Hajja, kin wuce iyaka. Wannan ɓoye dukiya ne."

Na ce, "Ɓoyewa? Ɗana, mai ɓoye kuɗi littafi yake kai su a rubuta? Ba ni da tukunya ne? Ba ni da ƙarƙashin gado?"

Ya ce, "Ai an lika takarda a bango."

"Wane bango? Kai ma da kake gabana, gemunka kaɗai nake gani. Kuma ko idona garau yake, wa ya sa ni makaranta?"

Mata suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce in cire rarar kafin ƙarshen wata, in biya harajinta, in biya tara. In na yi jinkiri, tarar ƙaruwa za ta yi.

Kwana uku ina ɗaukar mota biyu daga unguwarmu Alhilla Kuku zuwa ofishinsu. Wannan ya ce sai hatimi, wancan ya ce mai hatimin ya tafi salla. Har kuɗin awarwarona suka rubuta ribar kasuwa. Awarwaron da na tsinci auduga na saya! Na rantse, na sake rantsewa, suka ce ina rasit.

Da suka gama yankan nasu, abin da ya rage bai wuce aikin ido ɗaya ba. Likita ya ce, "Wanne, Hajja?" Na ce na dama. Na hagu na ce sai baɗi, amma kafin baɗi darajar kuɗinmu dinari ta faɗi, kuɗin aiki ya hau. Kafin in sake haɗawa, likita ya ce idon ya mutu.

Ranar da aka cire mini bandeji, ban wuce gida ba. Kasuwa na nufa, na ce a nuna mini takardar nan. Sai da aka janye randar ruwa. Tana bayanta, ba ta kai tafin hannuna ba.